Daga tsaunukan Alp zuwa Kurfai: wa ke da halin kai iyalinsa hutu?

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, lokacin da hunturu ke sallama da ƙasar Kurfai, zafi kuma yana leƙowa, hotuna iri ɗaya ne ke fitowa daga Faransa a talabijin da wayoyin hannu: motoci sun yi jerin gwano suna hawa tsaunukan Alp, iyaye da ƴaƴansu sun sha riguna masu kauri, sun ɗaura dogayen alluna a ƙafa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wannan shi ne wasan da Faransawa ke kira siki. Tare da hotunan kuma akwai kuka iri ɗaya, wanda ake maimaitawa kowace shekara: abin ya yi tsada, magidanci mai matsakaicin albashi ba ya iya kai iyalinsa.

Ma'aikacin da ke zaune a Yamai yana jiran ƙarshen wata, ko ɗan kasuwar da ke lissafin bashin da yake bin mutane, yana iya kallon wannan ya yi murmushi ya ce kukan daɗi ne. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Amma kafin ya kashe talabijin, ya kamata ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya kwashi matarsa da ƴaƴansa duka ya kai su Filinge, ko Shikal, ko Luma, su yi mako biyu a gidan kakanni? Idan amsar ta kai shekara uku ko huɗu, to kukan Bafaranshe ba baƙon kuka ba ne a gidansa.

Lissafin mako ɗaya a kan ƙanƙara

A fara da kuɗi, tun da ƴan kasuwa ba su yarda da maganar da ba lissafi. Mai wasan siki ba ya hawa dutse da ƙafa. Akwai kujeru da ƴan akwatuna masu tafiya a jikin wayar ƙarfe, su ke ɗaukar mutum zuwa ƙololuwa, ya gangaro, ya sake hawa. Wannan hawan da kati ake yin sa. A hunturun 2024 zuwa 2025, a manyan wuraren wasan na jihar Sabwa, katin babban mutum na yini ɗaya ya haura yuro 70, na kwana shida kuma ya haura yuro 350. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, katin kwana shida ya kama kusan jika 230. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa jika 42 tun farkon 2024, sai an tara na wata biyar da rabi kafin a sayi katin mutum ɗaya.

Kati kuwa somin taɓi ne. Miji da mata da yara biyu za su biya yuro 1,200 ko fiye a kan hawa kaɗai, wato kusan jika 800. Sai hayar ɗaki, wadda ke ninkawa a makonnin hutun makaranta. Sai hayar alluna da takalma da hular kwano, sai tufafin sanyi da yaro ke fin ƙarfinsu cikin shekara ɗaya, sai kuɗin malamin da zai koya wa yara, sai abinci a kan dutse inda komai da mota ake hawo da shi, sai mai da kuɗin hanya. Kafin a sauko, mako ɗaya ya lashe yuro 3,000 cikin sauƙi, kusan miliyan 2 na sefa, albashin shekara huɗu na leburan Yamai. A Amurka abin ya fi haka: a wasu wuraren jihar Kolorado katin yini ɗaya ya wuce dalar Amurka 300 a ranakun cunkoso.

Saboda haka ne a ƙasar da ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu har sau uku, a Shamoni a 1924, a Girenobil a 1968, da Albabil a 1992, ko mutum ɗaya cikin goma ba ya zuwa wasan siki a shekara. Hotunan da ake nunawa a talabijin na ƴan tsiraru ne. Kusan huɗu cikin goma na Faransawa ma ba su zuwa kowane irin hutu.

Yadda abin talaka ya koma na attajiri

Abin lura shi ne ba da wannan niyya aka soma ba. A watan Yuni na 1936, gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, aka kuma fito da tikitin jirgin ƙasa mai rahusa domin ma'aikaci ya iya tafiya da iyalinsa. Hutun ya ƙaru zuwa mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. A 1946 majalisar jihar Sabwa ta ɗauki kuɗin jama'a ta soma gina Kurshebel, da burin samar da wurin da talaka zai iya yin wasan. A 1953 aka fara kai ƴan makarantar gwamnati kan dutse aji guda, su yi karatu da safe, su yi wasa da rana. Daga 1964 zuwa 1977 gwamnati ta zuba dukiya wajen gina sababbin garuruwa a ƙololuwar duwatsu. Har kalandar makaranta aka gyara: an raba ƙasar shiyya uku, kowace da nata makonnin hutun Fabrairu, domin otal-otal su daɗe a cike.

Yau Kurshebel, da aka gina domin talaka, ta zama matattarar hamshaƙan duniya, da filin saukar ƙananan jirage a kan dutse da otal-otal da kwana ɗaya a cikinsu ya fi albashin shekara na malamin lakkwal a Sanam. Babu dokar da ta kori talaka. Farashi ne ya yi ta hawa a hankali, kowane wuri yana gasa da maƙwabcinsa wajen ƙawa, kowane iyali yana kallon na kusa da shi, har aka wayi gari mai ƙaramin ƙarfi ya janye da kansa ba tare da ya yi gardama ba. Sannan sama ta ƙara nata: ɗumamar yanayi ta rage zubar ƙanƙara, ana sayen injuna masu shan ruwa da lantarki domin ƙera ta, kuɗin kuma a kan kati yake faɗawa. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto mai cewa tsarin ya fara gajiya, kuma wurare kaɗan ne za su jure nan da tsakiyar ƙarni. Mutanen Kurfai, da suka ga 1973 da 1984 da 2005, ba su bukatar a fassara musu abin da ke faruwa ga arzikin da ya dogara da abin da ke saukowa daga sama.

Ƴan kasuwar Nijar masu zuwa sarin kaya Dubai sun ga ƙarshen wannan hanya da idonsu: tun 2005 akwai dutsen ƙanƙara na ƙirar hannu a cikin wani katafaren kanti, a tsakiyar hamada, inda ake biyan kuɗi a sha sanyi na sa'a biyu. Ɗaliban da suka yi karatu a Maroko kuma sun san Ukaimeden, kudu da Marakesh. Wanda Allah ya hore wa, da guminsa na halal, ya kai ƴaƴansa. Babu mai tuhumar sa. Maganar da ke gaban jama'a ta fi wannan kusa da gida.

Hutun ɗan Kurfai

Ma'aikacin Nijar ma yana da hutu a doka, kuma ba kyauta aka ba shi ba. Sai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi yajin aikin gama-gari ranar 3 ga Nuwamba 1952 kafin majalisar Faransa ta amince da dokar aiki ta ƙasashen da take mallaka, wadda aka zartar a watan Disamba na wannan shekara. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato wata guda a shekara. To ina ɗan Kurfai yake kai wannan wata?

A da amsar a fili take: gida. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne, ta Baleyara da Bankuku, a bi Dallol Bosso. Idan aka rufe makarantu a farkon damina, malami da malamin asibiti da akawu da soja sukan tura iyali gaba, su biyo baya. Yaron da aka haifa a Yamai ya riƙe hauya a karo na farko, ya kori tsuntsaye daga gero, ya ga shanun Azawak na gandun Tukunus, ya ci cuku da ɗumi, ya ji Hausar kakarsa wadda ta bambanta da ta rediyo, ya san wane ne Mayaƙi da dalilin da ya sa ake cire takalmi a ƙofarsa. Masu cin rani a Abijan da Akara da Legas su ma lokacin nan suke dawowa noma. Gida ya cika, a sasanta rigimar gona, a sa ranar aure, a yi gaisuwar rasuwar da aka yi a bayan mutum. Da aka buɗe makarantu a watan Oktoba, a komo birni da buhun gero da wake da man shanu.

Wannan shi ne hutun iyali na ƙasar nan. Babu kati, babu otal. Duk da haka, shi ma yana bin sawun Kurshebel.

Lissafin zuwa gida

A ɗauki misalin malamin makaranta mai mata ɗaya da yara biyar. Kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum bakwai shi ne abu na farko, kuma shi ne mafi sauƙi, musamman da aka rage litar man fetur daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024. Nauyin yana cikin kaya. Ba a shiga gida hannu rabbana. Buhun shinkafa, jarkar mai, katon ɗin sukari, ganyen shayi, sabulu, goro na tsofaffi, turmin atamfa na uwa da na kishiyar uwa, domin wadda aka tsallake ba za ta manta ba. Sai takalman ƴaƴan ƴan'uwa. Yanzu kuma an ƙara wayar hannu, kuma ba kowace iri ba.

Bayan an sauke kaya sai a buɗe aljihu. Duk wanda ya zo gaisuwa da ƴar bukata ya zo: takardar magani, kuɗin taki, ramuwar bashi, gudummawar suna. Lokacin hutun makaranta ya faɗo daidai da lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tsoho kuma yana kan mafi tsadarsa a kasuwa. Baƙon da ya zo da baki bakwai dole ya ciyar da baki ashirin. Ya komo Yamai a ƙarshen Satumba aljihu wayam, ga kuɗin littattafai da tufafin makaranta suna jira, ga mai gidan haya a bakin ƙofa. Wanda ya yi haka sau biyu, a shekara ta uku sai ya ce aiki ya riƙe shi, ya aika da ɗan abin da ya samu ta kamfanin aika kuɗi, ya yi gaisuwa ta waya.

Wannan janyewa ba jiya ta fara ba. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 suna tune da albashin da ake bin gwamnati wata da watanni, da ranar 12 ga Janairu 1994 da sefa ta wayi gari da rabin darajarta, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, albashi kuwa ya tsaya kusan inda yake. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin sun sake ɗaga farashin shinkafa da sauran kayan da ake ɗauka a matsayin tsaraba. Sai kuma babbar matsala, wadda ba a saye da kuɗi: tun daga 2017 da aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, ciki har da Abala, ƙauyuka da dama na arewacin Filinge sun zama wuraren da uba ke tunani sau goma kafin ya kai ƴaƴansa. An rufe makarantu, an yi gudun hijira, wasu gidajen da ake zuwa hutu babu kowa a cikinsu.

Sai dai a faɗi gaskiya: a wuraren da hanya ke biyuwa lami lafiya ma, zuwan ya ragu. A nan ba za a ɗora wa ƴan bindiga ko Bankin Duniya laifi ba. Gasa ce ta shiga. Wanda ya samu muƙami ko kwangila ya iso da mota ƙirar kat-kat, bayanta cike, ya yi rabo a bainar jama'a, maroƙa suka yi masa kirari. Tun daga ranar, ma'aunin da ake auna kowane ɗan gari ya canza. Uwar malamin makaranta ba ta ce masa komai ba, amma ya ji abin da maƙwabta suka ce. Kunya ce ke hana mutane da yawa zuwa gida, kuma kunyar da ƴan'uwansu suka ƙera musu.

Abin da ake asara

Idan Bafaranshe ya kasa kai ƴaƴansa kan ƙanƙara, ya yi asarar nishaɗi da iska mai kyau. Idan ɗan Kurfai ya daina kai nasa gida, asarar ta fi haka nisa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A ƙasar da mafi yawan jama'a ba su da fansho ko inshorar lafiya, dangi su ne asusun ajiya. Ma'aikacin da ya yi ritaya ko aka sallama, gonar gado ce mafakarsa, kuma gonar da ba a taka ba shekara goma tana da wuyar karɓowa: iyaka ta matsa, shaidu sun rasu, ƴaƴan da za su yi magana ba su san ko da sunan fadamar ba. Ƙauyen kuma, a shekarar fari, ƴaƴansa na birni yake kallo. Wanda ya girma bai taɓa kwana a ɗakin kakarsa ba, da wace zuciya zai raba albashinsa da mutanen da bai sani ba sai a hoto?

Akwai kuma asara ga ƙasa. Yaran ma'aikata da na ƴan kasuwa su ne za su zauna a ofisoshi gobe, su tsara inda za a haƙa rijiya da inda za a kai malami. Jami'in da ya taɓa ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ba ya sa hannu a takarda kamar wanda ya san karkara ta tagar mota kawai. Ɗan kasuwa ma ya sani: amanar da ke sa a ba shi dabbobi a kasuwar Lahadi ta Baleyara ba tare da takarda ba, daga sanin asali ta samo tushe.

Wani zai ce: ana fama da yunwa da tsaro, wa ke ta hutu? Tambaya ce mai nauyi. Amma wannan tafiya da ake kira hutu ita ce hanyar da kuɗin birni ke isa karkara, hatsin karkara ke isa birni, labarin gaskiya ke isa kunnen masu mulki ba ta bakin rahoto ba. Yankin da ƴaƴansa masu ilimi da masu hali suka daina takawa, shi ne yankin da wasu ke samun saukin shiga su yi wa matasa huɗuba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin yi

Na farko yana hannun iyaye da sarakuna da limamai na Kurfai. Su fito su faɗa, a masallaci da wajen suna da ɗaurin aure, cewa ɗan da ya zo da ƴaƴansa da ƙullin goro ya fi wanda ya aiko da buhu goma bai zo ba. Magana ce da kowace uwa ke riƙe da ita a zuci. Saura a furta ta a fili domin ta zama ma'auni. Masu hali kuma su yi alherinsu cikin sirri, ko su zuba shi a abin da kowa zai amfana, kamar rijiya da aji da bankin hatsi, maimakon rabon da ke kunyata maƙwabci.

Na biyu yana hannun ƙungiyoyin ƴan asalin yankin da ke Yamai da Abijan da sauran birane. Yadda ake tara kuɗi domin rasuwa, haka za a iya yin adashe na zuwa gida: a ɗauki hayar babbar mota ɗaya a farkon hutu, a sayi shinkafa da sukari a sari daga ƴan kasuwar yankin, a kai tsaraba da sunan gari gaba ɗaya, ta yadda ba za a gane na wane ya fi na wane ba. Yaran da iyayensu ba su samu zuwa ba su bi amintattun dattawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku yana wuyan hukuma da masu ɗaukar ma'aikata. Hutun da doka ta bayar a bar mutum ya ci shi, a biya shi haƙƙinsa kafin ya tafi, domin dubban masu aiki a shaguna da gareji da gidaje ba su taɓa jin ɗuriyarsa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago, da suka san darajar abin da aka samu a 1952, su sa rangwamen kuɗin mota na hutun shekara cikin bukatunsu. Faransa ta yi haka tun 1936, lokacin da ita ma ba ta cikin yalwa. Sama da komai, a tsare hanya. Ranar da magidanci zai ɗauki iyalinsa daga Yamai zuwa Filinge, ya wuce Abala ko Sanam ba tare da ya kwana yana addu'ar tsira ba, ranar ce jama'a za su yarda cewa zaman lafiya ya dawo, ko da sanarwa ko babu.

Faransawa sun gina Kurshebel domin kowa, suka yi sakaci har ta zama ta ƴan kaɗan, yanzu suna kuka duk Fabrairu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makarantu za su rufe a ƙarshen Yuni. Kowane magidanci ɗan Kurfai yana da watanni a gabansa domin ya yi lissafi, ya rage tsaraba zuwa abin da ƙarfinsa zai ɗauka, ya kira mahaifiyarsa ya ce mata bana da jikoki za a zo.